Langar Ma'aikatan Gida

A daminar shekarar 2003 Hansatu ta fara haɗuwa da Maijidda, a wani ƙaramin asibiti da ke ƙasar Safana, irin wanda tsofaffi har yau suke kira ɗakin shan magani. Hansatu 'yar Karare ce ta ƙasar Batsari, ɗiyar manomin gyaɗa, kuma ba ta daɗe da gama makarantar jinya ba. Ba a ba ta wuri na dindindin ba. Duk inda wata nas ta tafi hutun haihuwa ko ƙaro karatu, can ake tura ta riƙon ƙwarya har mai wurin ta dawo. Ma'aikatan gida suna kiran irinta 'yan ci-rani.

Babu wanda ya zage ta. Kullum da safe a gaishe ta, a tambayi gajiya, a tambayi mutanen Batsari. Amma aikin Asabar da Lahadi nata ne, kujerarta ita ce mai gajeriyar ƙafa, mabuɗin kabad ɗin magani kuwa sai ta roƙa. Duk wannan ta shanye. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ranar awo. Mata masu ciki za su cika baranda, su yi layi gaban Maijidda, nas ɗin da ta shekara da shekaru a wurin, bencin Hansatu kuwa ko kaza ba ta hawa.

Rannan ta kira wata mata ta zo a duba ta. Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Sista, ba ƙin ki na yi ba. Amma in na saba da hannunki, ranar haihuwa ina zan same ki?"

A asibitin akwai wata babbar langa mai murfi, fentinta ya ɓaɓɓalle a baki. Da azahar ma'aikata sukan zauna ƙarƙashin dalbejiya, maza gefe mata gefe, a raba abin da ke ciki. Wanda aka miƙa wa langar bayan an wanke, shi zai tafi da ita gida ya ciko ta gobe. Baƙo ana ce masa bismillah, ya ci ya ƙoshi, amma ba a miƙa masa langa. Matan gari kuwa ba su duba takardar shaidar kowa. Wanda suka gani yana ratsa kasuwa da langa a hannu, shi ne ɗan gida.

Malam Sagiru, shugaban asibitin, ya riga ya faɗa wa Hansatu cewa in mata suka ci gaba da gudun ta, dole ya sanar da sakatariyar ƙaramar hukuma cewa ba ta karɓu ba. Ta san abin da hakan ke nufi. Wadda aka ce ba ta karɓu a wuri ɗaya ba, da wuya a sake tura ta wani.

Wata ranar awo, baranda cike da mata, Maijidda ta wanke langa da kanta, ta ratsa ta gaban kowa, ta ɗora wa Hansatu a cinya.

"Ƙanwata, gobe ke ce da girki."

Malam Sagiru ya leƙo ta taga. "Haba Maijidda, baƙo raɓa ne. In ta wuce Batsari da langarmu, ke za ki bi ta?"

"In ta wuce da ita, ai ta samu dalilin dawowa ke nan. Kai da ka shekara goma kana kawo mana wake da tsakuwa, wa ya ƙwace maka langa?"

Mata suka fashe da dariya. Hansatu ta rungumi langa ta bi ta tsakiyar kasuwa, ba ta bi ta bayan gari yadda ta saba ba. Washegari ta kawo dambu, yaji ya yi masa yawa, aka yi ta tsiya har la'asar. Ita dai daɗi ta ji, don ba a yi wa baƙo tsiya. A awon da ya biyo baya, matar nan da ta sunkuyar da kai ita ta fara zama a bencinta.

Wa'adinta ya cika ta bar Safana, amma da kyakkyawar shaida. Daga baya aka ba ta wuri na dindindin a wani asibiti a Batsari. Ta auri Malam Ubaidullahi, malamin firamare, ta haifi 'ya'ya, ta karɓi haihuwar yaran da yanzu su ma suke kawo matansu. Ba ta zama shugaba ba, ba ta kuma nema ba. Ta sayi langa ta kawo al'adar can, ko da yake 'yan matan yanzu sun fi son abincin leda, har langar ta koma ta ranar awo kaɗai. Takan ce Allah Ya rufa mata asiri, me kuma za ta nema.

Bara ta ɗauki hutu ta je zaman jegon 'yarta. Ranar da ta dawo aiki ta faɗo ranar awo. Tana shiga ta hangi wata dattijuwa cikin fararen kaya a ƙarshen baranda, zaune a miƙe kamar soja, bencin gabanta wayam. Ta tambayi Kamila, ƙaramar nas, ko wace ce.

"Iya Kwantiragi ke nan," in ji Kamila, tana danne dariya. "Ta yi ritaya, aka sake ɗaukar ta aka kai ta wajen Ruma. Da ɓarayin daji suka matsa aka rufe asibitinsu, shi ne aka jibge mana ita. An ce in babu aikin da take yi, ba za a sabunta mata ba."

Hansatu ta gane Maijidda ce tun kafin Kamila ta gama. Ta je ta durƙusa ta gaishe ta. Suka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi masu rai, aka yi wa Malam Sagiru addu'ar rahama. Maijidda ta ce jikokinta marayu suna tare da ita a ɗakin haya, daga nan ta sauya magana. Ba ta yi ƙorafin benci ba. Ba ta taɓa zama mai roƙo ba, Hansatu kuma ta san in aka nuna mata tausayi a fili, gobe ba za a gan ta ba.

Da azahar aka ci abinci. Kamila ta miƙa hannu za ta ɗauki langa, don layi ya zo kanta. Hansatu ta riga ta. Ta wanke ta a famfo, ta goge murfin da gefen mayafinta, ta ratsa baranda a hankali yadda kowace mace za ta gani, ta ajiye ta a cinyar Maijidda.

"Yaya, mako mai zuwa ke ce da girki. Dambu muke so, mai zogale."

Maijidda ta dubi langar, ta dubi Hansatu. Ta gyara zaman murfin da yatsa.

"To. Sai ki zo ki koyi yadda ake sa yaji."

Kafin Hansatu ta koma kujerarta, wata mai tsohon ciki ta tattara zanenta ta matsa ƙarshen baranda.