Wankan Rigar Soja

Ranar da ba ta fita raina ita ce wadda na ji warin gawa a ɗakin ajiya, da rana tsaka.

Lokacin ina ma'aji a wani gidan adana kayan tarihi a Lome, zamanin jam'iyya ɗaya. Aikina tsare tsofaffin rigunan soja da bindigogi daga laimar teku. Akwai agogon auna laima a bango. In allurarsa ta hau, sai in canza buhunan gawayin da ke shanye danshi, kafin funfuna ta ci kaya.

Sai ga allura tana hawa kowace Juma'a, alhali rufi ba ya yoyo. Riga ɗaya tak nake tararwa a jiƙe, daga wuya zuwa ƙirji, tana warin kafur da magarya, irin na wankan mamaci. Wallahi tsigar jikina tashi take.

Kaftin ɗin da ke kula da mu ya ce manya za su zo kallo, kuma duk rigar da ta lalace, a bariki zan yi bayani. Wanda aka kai can a lokacin, ba kowa ke dawowa da ƙafarsa ba.

Wata Juma'a na fasa zuwa masallacin Zongo, unguwar Hausawa, na laɓe bayan akwatuna. Ƙofa ta buɗe a hankali. Iya Hajara ce, tsohuwa mai shara, riƙe da ƙwarya. Ta fara shafa wa rigar ruwa daga dama.

Na fito a fusace. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ɗana, ta mijina ce. Ni na ɗinke wuyan nan. Ya tafi yaƙin Turawa, akwatinsa kawai aka dawo da shi, daga baya aka kwaso kayan zuwa nan. Ba wanda ya yi masa wanka."

In na kai ƙara, ita za a ɗauka. In na yi shiru, ni.

Na je wurin limaminmu. Ya ce gawar da ruwa zai lalata, taimama ake yi mata. Na kawo mata busasshen yashi a faranti. Ta dafa, ta shafa wa rigar sau ɗaya, ta yi addu'a. Washegari ta ajiye tsintsiya, ba ta sake zuwa ba.

Ku sabbin shiga aikin adana kayan tarihi, ku riƙe wannan: abin da muke manna wa lamba, mamacin wani ne da bai binne ba.