Kututturan da Ke Ƙarƙashin Ɗakin 'Yata

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ba wannan ne ya fi riƙe mini hannu ba. Maganar ta shafi mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, ina kuwa tsoron ɗaukar haƙƙinsa. Shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba. Da ba don akwai wanda ke jiran amsa daga bakina ba, da har yanzu shiru nake.

Ni direban tifa ne. Da shebur na fara, ina lodin yashi a bakin kogi, ni da wani abokina da muka tashi layi ɗaya a Tudun Wada. Tare muka koyi tuƙi, tare aka ba mu mota a gidan wani Alhaji mai tifofi. Hali ne dai kowa da nasa. Ni in na ɗaure taya sai na koma na sake taɓa kowane noti. In na juye yashi a ƙofar gidan mutum sai na sauko na duba ko na toshe masa kwata. Shi kuwa ya juye, ya ja mota yana waƙa. A tasha Sarkin Tsoro yake ce mini, har sunan ya bi ni.

Da aka fara rushe tsofaffin gidajen Nassarawa, aiki ya buɗe mana. Wanda ya san unguwar a da ya san gidajen: ɗan gini a tsakiya mai baranda, boskwata a can baya, saura duk fili ne da itatuwa. Sai a sayar, mai saye ya kawo katafila, a yanka filin gida ɗaya a tayar da benaye a jere. Aikin tifa biyu ne a irin wannan wuri. Da safe ka kwashe abin da aka rushe, da rana ka kawo yashi da tsakuwa da burji. Kawowa ba ta da wuya. Kwashewa ce aiki, don sai ka sami inda za ka zubar.

Akwai wani tsohon kududdufi a bayan Giginyu, inda aka haƙi ƙasar gini tun zamanin kakanni. Da damina ya cika ya shiga gidaje, ga sauro. Mai wurin da mutanen layin suka roƙe mu mu riƙa zuba musu duk abin da muka kwaso. Har kunun zaƙi mata ke aiko mana.

Ciko iri-iri ne. Ɓaraguzan bulo da kankare ciko ne na ƙwarai; in aka bi su da burji aka danne, sun zauna ke nan. Shara ba ciko ba ce, kowa ya sani. Amma itace ya fi shara sharri, don shi yaudara gare shi. Ranar da ka zuba shi ya yi tauri kamar dutse. Sai bayan shekaru ya ruɓe, gara ta ci, ya bar rami a inda ba mai gani.

Wata shekara aka ba mu kwasar wani gida mai manyan itatuwan maɗaci, irin waɗanda mutum biyu ba sa iya rungumewa. Masu katako suka yanke suka tafi da nasu, suka bar kututturai, waɗanda ba mai so. Katafila ta tumɓuke su da saiwoyinsu. Wani shi kaɗai yake cika bayan mota.

Akwai wani dattijo Kirista, mutumin ƙasar Zariya, da ya yi rayuwarsa yana kula da lambun gidan. Ya kafa kujera a bakin boskwata yana kallonmu. Na je na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan itacen in aka binne shi, yaushe zai ruɓe?"

Ya ce, "Mangwaro ne mai saurin lalacewa, direba. Maɗaci taurin kai gare shi. Gara ma ba ta cika sonsa ba."

Har yau ban san ko kwantar mini da hankali ya yi ba, ko kuwa ce mini ya yi abin zai zo a makare.

Ni da abokina muka yi ta sawu, muka juye su duka a kusurwar gabas ta kududdufin, gindin wani dogon dabino da ke bakin ramin.

Bayan wurin ya kusa cika, wata rana muna cin shinkafa da wake a inuwar wata darbejiya a nan Nassarawa, sai ya ajiye cokali.

"Sarkin Tsoro, mai kududdufin nan zai sayar. Mu haɗa mu saya."

"Mu sayi rami?"

"Wane rami? Wanda muka cike? Ana sallamarmu mu kwashe, mu je mu zuba a namu. Ka taɓa ganin garaɓasa irin wannan?"

"Ka manta abin da ke ciki?"

"Ƙasa ce a ciki."

"Da kututturai."

"To shi kututture daga sama ya faɗo? Gida muka mayar da shi."

Mai abinci ta yi dariya har tana riƙe ciki. Na yi kwanaki ina juya maganar. A ƙarshe na ce masa ba zan iya sayar wa Musulmi ko Kirista ƙasar da na san cikinta ba. Ya ce, "Allah ya ba ka lada, ni ya ba ni fili."

Ya saya shi kaɗai. Ya bar wurin damina tana bi ta kansa shekara da shekaru, in ya sami rarar burji ya kai ya zuba. Kafin mu ankara gari ya zagaye wurin. Ya ja katanga, ya gina gidaje a jere, ya sayar da wasu, ya sayi wani fili, ya sake ginawa. Yau ofishinsa yana cikin ɗaya daga benayen da aka tayar a filin gidan maɗacin nan. Ya je Makka ya dawo. Ni kuwa ina nan a kan sitiyari, kuma yawancin yashin da nake kawowa yanzu nasa ne.

Da ya canza mini fuska, da na sami sauƙi. Bai canza ba. In ya gan ni a wurin aiki sai ya fito daga motarsa mai sanyi, ya rungume ni da ƙurata a kan farar shaddarsa. In muka yi musabaha sai in ji tafin hannunsa ya yi laushi, kantar shebur duk ta baje, tawa kuwa tana nan tana kartarsa. Wannan laushin yana bi na har gida. In na juye kaya ba na tafiya nan da nan. Sai in tsaya in duba kaurin rodinsa, in murza bulonsa da yatsa ko zai zube, in leƙa kwaɓin siminti ko an cika masa yashi. Ban taɓa kama shi da ha'inci ba. Kowane lokaci in hau mota raina a ɓace, sai na yi nisa in tambayi kaina me ya ɓata mini rai.

Babbar 'yata tana auren wani malamin firamare, yaro mai kunya da ladabi. Suna haya a ɗaki ɗaya da 'ya'yansu, mai gidan kullum da sabuwar magana. Ban gaya wa abokina ba, a bakin matanmu ya ji. Ya aika aka kira ni ofis, aka kawo mini shayi a kofin da nake tsoron riƙewa.

Ya ce, "'Yarka 'yata ce. Akwai gida guda da na ƙi sayarwa a wurinmu na Giginyu. Su shiga, su riƙa biya a hankali har ya zama nasu."

Wurinmu, in ji shi.

Na ce, "Wanne daga ciki, Alhaji?"

"Tun yaushe na zama Alhaji a bakinka? Na ƙarshen nan, gindin dabino. Ya fi kowanne iska."

Na ajiye kofin. Na ce, "A nan fa muka juye..."

"Na sani, Sarkin Tsoro, ai ina wurin. Injiniya ya zo ya haƙa ya duba. Ya ce a shimfiɗa kankare da rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya, kamar faranti. An yi. Rola ta bi ta sake bi."

"Ya haƙa har ƙasa?"

"Har inda ya ce ya isa."

"An ciro su?"

"Wa zai ciro su, aljani? Kai da ka kawo tsakuwar kankaren da motarka!"

Gaskiya ne, ni na kawo, kuma tsakuwa ce mai kyau.

Da na koma gida na faɗa wa maiɗakina. Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Da wani ne ya gina ba shi ba, da za ka ce uffan?"

Na buɗe baki in ce ƙwarai kuwa, sai na ji ban tabbata ba. Haka 'yata da mijinta suka tare a gidan.

Tun daga nan ban iya zuwa gidan kamar uba. In na shiga sai in ce zan yi alwala, in zuba ruwan buta a tsakar gida in bi shi da ido in ga inda zai gangara. In buɗe ƙofa in rufe, in ji ko ta fara cijewa. In ƙwanƙwasa tayil da makullin mota ko zan ji ƙarar rami. Rannan 'yata ta tsaya a bayana da kwanon fura, ta ce, "Baba, kai kullum sai ka gaisa da bango kafin ka gaisa da mu."

Ranar nan ce na ga tsaga a bayan kicin, siririya kamar gashi, ta taso daga ƙasa ta nufi taga. Abin da zan faɗa yanzu shi ne ya fi yi mini nauyi. Kafin tsoro ya zo mini, daɗi ne ya fara zuwa. A gidan da jikokina ke kwana! Sai da na dafa bangon na yi ta istigfari.

Na kira abokina. Kafin la'asar ya turo birkila. Birkilan ya kankare wurin a gabana, bulo lafiya lau. Ya ce filasta ce ta sha rana ba a ba ta ruwa sosai ba. Ya shafe ya tafi. Na yi hamdala, kuma a ƙarƙashin hamdalar na ji kamar wanda aka ƙwace wa kaya.

Yanzu ga inda aka tsaya. Surukina yana da gonar gado a ƙauyensu, ita kaɗai ya mallaka a duniya. An taya, yana so ya sayar ya kammala biyan gidan, takardu su dawo hannunsa. Ya zo har gida ya durƙusa, ya ce, "Baba, kai ka san gini. Abin da ka ce shi zan yi." Na ce ya bari damina ta wuce. Ga shi ruwa ya fara ɗaukewa.

In na ce kada ya saya, na mayar da 'yata haya, na watsa wa abokina ƙasa a ido, kuma mai yiwuwa hassada ce kawai ta yi magana da bakina. In na ce ya saya, wata shekara ƙasa ta lotsa, ba gida ba gona, ni ne na san abin da ke ƙarƙashi na yi shiru. Na auna zuciyata na kasa raba tsoron da ƙyashin.

Don haka nake roƙon masu karatu. Wanda ya zauna shekaru a gidan da aka gina a kan kududdufin da aka cike, ya gaya mini yadda ta kaya, da alamar da ya fara gani in an gani. Injiniya ko tsohon magini ya faɗa mini ko shimfiɗar kankare tana riƙe gida in rami ya buɗe a ƙarƙashin kusurwa guda. Masu katako su faɗa mini iya zaman da kututturen maɗaci yake yi a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, kafin a gama girbi. Ina son amsar daga bakin wanda bai san abokina ba, bai taɓa ganin motarsa ba.