Wilin da Na Sayo wa Yaya

Yayana ya girme ni da shekara tara, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidanmu. Yana da lambu a bayan Shika inda yake noman tumatir da albasa da rani. Yana kuma da wata tsohuwar a-kori-kura shuɗiya wadda ta girmi duk 'ya'yansa. An daɗe da daina ƙera irinta, saboda haka duk abin da ya lalace a jikinta sai an bi 'yan gwanjo shago-shago kafin a samu.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Samaru, gidana da nasa babu nisa. Ana tsakiyar ɗibar tumatir ya faɗa wani rami da kaya, wilin gaba na dama ya tsage, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Da yamma ya zo wurina da wani kwali. Ya ɗora shi a kan tsagaggen wilin, ya zana ramukan noti guda shida da biro.

Ya ce, "Ki shiga Sabon Gari gobe ki nemo mini irinsa. Ba zan iya barin masu ɗiba su kaɗai ba."

Na bi layin masu kayan mota tun hantsi har rana ta take. Wasu ko kallon kwalin ba sa yi suke cewa babu. A ƙarshe na faɗa shagon wani dattijo Ibo, haifaffen unguwar, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya shiga ciki ya mirgino wili mai rami shida, ya ɗora kwalin a kai, ya daɗe yana juya shi.

"Malama, wannan na wata mota ne," in ji shi. "Ramukan shida ne, amma duba nan, sun goce kamar kaurin ashana biyu. Ki ba ni kwana huɗu a kawo mini na ainihi daga Kano."

Na ce, "Baba, kafin kwana huɗu tumatir ya zama ruwa. Ba zai shiga ba ko kaɗan?"

"In an buɗa ramukan zai shiga. Sai dai noti ba zai kwanta daidai ba, ana tafiya yana cin ƙarfe. Ni dai na gaya miki."

Na saya. A ƙarshen layin akwai mai walda, shi ya sa magagari ya faɗaɗa ramukan, bai tambaye ni komai ba. Na ɗora wilin a Keke Napep zuwa Samaru. Na tarar da Yaya a tsugune gefen motar, ya riga ya ɗaga ta a kan jak. Na ce masa, "An samu." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya sa mini albarka.

Motar ta yi kwana tara tana jigila lafiya, har na daina tunanin maganar dattijon. A rana ta goma, Asabar ce, matar Yaya ta bi shi lambu da sassafe don in sun sauke kaya a kasuwa ta sayi atamfar anko ta zumuntar matan cocinmu. Mace ce mai yawan dariya, ita ta yi mini kitso ranar aurena. Suna gangarowa daga Shika da kwanduna cike, wilin ya fita. Motar ta karkata dama, ta daki kwalbati, ta kwanta a kan gefen da take zaune. Asibiti babu nisa daga wurin, amma ba ta kai da rai ba. Yaya ya karye a ƙugu da cinya.

An binne ta yana kwance a asibiti, ƙafarsa a rataye. Ni na riƙe gidan. Na yi wa 'ya'yansa huɗu girki, na karɓi masu gaisuwa, na zauna a gaba lokacin da fasto yake addu'a. Mutane suna ta cewa ramukan titi ne, wasu suna cewa tsufan mota ne. Nakan gyaɗa kai.

Bayan wata huɗu ya dawo gida yana dogara sanduna biyu. An riga an jawo motar an ajiye a tsakar gida, gefen dama a lotse, fentin ya kankare har ƙarfe. Kullum sai a fitar masa da kujera ƙarƙashin mangwaro, ya zauna yana fuskantarta. Na ce a rufe ta da tamfol, ya ƙi. Wata rana ya sa aka kira mai gyaran jikin mota, ya yi mako guda yana bugu har ƙofar da gefen suka miƙe. Sai maganar fenti ta taso.

Yaya ya ce shi launinta na asali yake so, ba na kintace ba. Mai fenti ya ce to sai an nemo lambar launin, kowace mota da tata, ana buga ta a wani ɗan ƙarfe a liƙa a jiki. Ni aka sake sawa. Na duba jikin ƙofa, na duba ƙarƙashin kujera, ban gani ba. A rana ta biyu na buɗe bonet, na hango shi can baya kusa da batir, baƙin mai da tsatsa sun rufe shi. Na goge da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Alamu uku ne, na tsakiya ban iya rabe ko takwas ne ko harafi ba. Na ɗauki hoto da waya.

Na koma Sabon Gari, amma na zagaya ta bayan kasuwa don kada in bi ta gaban shagon dattijon. Masu haɗa fenti uku suka ce lambar ta tsufa, ba ta cikin na'urarsu. Na huɗu yana da wani tsohon littafi mai 'yan yankakkun launuka, shafukan sun manne da juna. Ya riƙa ɓamɓare su da reza har ya kai kan lambar. Ya haɗa mini gwangwani biyu.

Mai fenti ya zo gida da janareta da injin feshi, ya yi aikinsa a gabanmu. Da ya bushe aka cire jaridun da aka rufe gilashi da su. Gefen dama ya fito shuɗi mai duhu, yana sheƙi, sauran jikin kuwa fari-fari kamar tsohon zane. Ko daga bakin ƙofar gida kana ganin daidai inda ta bugu.

Mai fentin ya ce, "Maigida, lambar daidai take. Haka motar ta fito daga kamfani. Rana ce ta cinye sauran. In kana so sai a fesa ta gaba ɗaya."

Yaya ya ce a bar ta haka.

Da mutumin ya tafi, na zauna a kan turmi kusa da kujerarsa. Yara suna makaranta. Na gaya masa duk abin da dattijon ya faɗa, da kwana huɗun, da mai walda. Ban yi kuka ba.

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Na gani. Ina ɗaga wilin na ga sawun magagari, ƙarfen yana ƙyalli a bakin ramukan. Noti biyu ba su kwanta ba, ni na matse su da hannuna. Na ce in an gama ɗiba zan canza."

"Yaya, me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Ke me ya hana ki?"

Can ya ce in miƙo masa sandunansa, rana ta iso inda yake.

Bai taɓa tayar da motar ba bayan nan. Da damina ta wuce ya kira 'yan gwangwan, suka yanka ta a tsakar gidan, suka kwashe. Lambun ya bar wa ɗan ƙanin mahaifinmu. Yanzu yana zaune a Dogarawa wurin babbar 'yarsa, wadda ta yi aure. Nakan je duk Lahadi bayan an tashi coci, mu yi hirar ƙafarsa da karatun yara da waɗanda suka rasu a cikin makon. In zan tafi 'yar takan raka ni har bakin titi, ta tsayar mini da Keke, ta ce, "Gwaggo, ki gaida gida." Shi bai gaya mata ba, ni ma har yau ban gaya mata ba.