Kawu, Magina Sun Zo Maka Gaisuwa

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana zaune a kujerarsa ta ofis. Shekarunsa arba'in da shida. Likita ya ce hawan jini ne.

Kawu, malamarmu ta ce ba a rubuta ta'aziyya da fushi. Na gwada sau uku ina yage takardar. Ka yi haƙuri, haka za ta fito.

Abokan aikinka sun faɗa da bakinsu cewa sun fi awa ɗaya ba su lura ba. Wai sun ga ka jingina, fuskarka na wajen taga, sai suka ɗauka kallon nan ne da ka saba. Har wani ya ajiye maka fayil a gabanka ya wuce. Shekara goma sha tara kana cikinsu, amma ba wanda ya taɓa tambayarka me kake kallo.

Ni na sani. Gini ake yi a tsallaken titi, kai kuma tun kana yaro magini kake so ka zama.

Lokacin da Mama ta faɗi a matakalar ƙofarmu ta gurɗe ƙafa, kowa sannu ya yi mata ya tafi. Kai ne ka dawo ranar Asabar da rabin buhun siminti a bayan babur, ka naɗe wando, ka fasa tsohuwar ka gina sabuwa. Ka ba ni igiya na riƙe maka, kana tsokanata da sunan da ka sa mini, Malama Shiru. A kan wannan matakalar ka koya mini lissafin tsawo da faɗi da ya gagare ni a aji. Ban taɓa ganin ka yi dariya irin ta ranar ba. Ka ce mini, "Malama Shiru, bango in ya karkace kowa zai gani, in ya miƙe ma kowa zai gani. Ni kuwa in kika ce in nuna miki aikina na yau, sai dai in nuna miki takardar da ta hau bene ta sauko."

Sau biyu ka faɗa a gida cewa za ka ajiye aiki. A na biyun ina gefe ina gugar kayan makaranta. Yayanka, Kawu Babba, ya tambaye ka ko karatun da aka sha wahala aka yi maka na kwaɓa ƙasa ne. Mama ta ce da wane ido za ta kalli mutane. Kaka ta yi kuka. Sai ka yi murmushi ka ce wasa kake yi, kowa ya saki ajiyar zuciya. Duk sun san ba wasa kake ba.

Kwana biyu bayan jana'izarka, mutanen ofis suka zo da mota. Aka jera musu kujeru a inuwa. Shugabanku ya karanta takarda, ya ce ka rasu a bakin aikin da kake ƙauna, jama'a suna gyaɗa kai.

Suna nan zaune sai ga mutum huɗu a ƙafa, siminti ya bushe a ƙafafunsu, wani dattijo mai furfura a gaba. Tun kafin su gama sallama Kawu Babba ya tare su a bakin ƙofa. Ya ga kayan jikinsu, ya ɗauka sun hango wata katanga da ta zube a bayan gidan ne suka zo neman aiki. Ya ce musu, "Ba ku ga makoki ake yi ba? Yau ba ranar neman aiki ba ce." Dattijon ya ja mutanensa baya. A nan kan titi suka ɗaga hannu suka yi maka addu'a, suka juya.

Kawu, na gane shi. Ka taɓa nuna mini shi ka ce shi ne babban magini a ginin nan na tsallaken ofishinku. Ina tsaye da tiren ruwa, taku uku tsakanina da su, kunya ta hana ni buɗe baki. Ina fushi da ofis, ina fushi da gidanmu, amma wanda nake yi da kaina ya fi.

Jiya Litinin da aka tashi makaranta na je wurin ginin. Na daɗe a tsaye kafin na iya yin sallama. Na ba dattijon haƙuri, ya ce in bar wannan magana, mai baƙin ciki ba ya gani sosai. Sannan ya ba ni labarin da babu wanda ya sani a gida. Wata bakwai kenan, duk lokacin hutun rana kana tsallakowa, ka cire takalmi ka rataye riga, ka karɓi cokalin gini. Da farko duk abin da ka ɗora sai sun rushe bayan ka tafi. Daga baya suka daina rushewa. Ya ce kowane wata kana ce musu ƙarshen wannan watan za ka zo gaba ɗaya, su kuma su ce Allah Ya kawo ka.

Ya kai ni kusurwar gabas ya ce, "'Yata, daga ƙasa har wancan tagar hannunsa ne. Sa hannu ki shafa." Na shafa. A miƙe yake.

Ranar Alhamis za su yi wa bangon filasta, bulon da ka jera ya rufe. Ban taɓa gaya wa babba abin da zai yi ba, amma Kawu Babba, Mama, ina roƙonku ku je kafin Alhamis. Ku ga aikin ƙanenku da idonku, ku karɓi gaisuwar da aka mayar a bakin ƙofa. Idan ba ku san hanya ba, zan kai ku.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya gina maka gida a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka, da Anti matarka, da 'ya'yanka uku, da Mama, da Kawu Babba. Ina miƙa ta ga magina huɗu da suka yi maka addu'a a tsaye a rana. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya yafe mana abin da muka hana ka. Amin.