Malam Tururuwa

Manyan kwamfutoci uku ne ke riƙe da cibiyar jarrabawar da na yi wa aiki a Dogo Nini. Ranar jarrabawa sai aikin ɗalibai duka ya taru a kan guda, ta yi zafi ta tsaya cak, biyun suna zaune kamar baƙi a gidan biki. Ni ake zagi, ni da shekara uku nake jiran takardar ɗaukar aiki, kullum ana ce mini wata mai zuwa.

A ƙauyenmu Danchuwa na samo maganin, a bakin Innata. Muna shanyar gero ta nuna mini jerin tururuwa da tsinke, ta ce, "Ka gan su, ba mai aikensu. Kowace ta wuce sai ta bar wari, na baya su bi. In hanya ta cushe warin ya gushe, su kama wata."

Na dawo na rubuta manhaja a kan haka. Kwamfutar da ta amsa da wuri alamarta ta ƙaru, wadda ta gaji tata ta dushe, aiki ya koma wa mai sarari. Wata biyu na yi ina gyara ta.

Kuskurena, da Hausa na yi wa maigidan cibiyar bayani, har na faɗi a bakin wa na ji. Ya yi dariya har da hawaye. "Kai ɗan ƙauye, jarrabawar 'ya'yan mutane zan damƙa wa ƙwari?" Ya karɓi filashin da na ajiye manhajar a ciki ya jefa a durowa. Tun ranar har maigadi Malam Tururuwa yake kirana.

Bayan damina sai ga ɗan ƙanwar maigidan daga Kano, da kwat da jaka. Bayanin nan nawa ya zuba da Turanci, maigida yana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. A ranar aka miƙa masa takardar da nake jira, ni kuma aka ce in ɗora manhajarsa.

Da na buɗe ta, ashe tawa ce, ko wahalar gogewa bai yi ba. Tunatarwar da na rubuta wa kaina tana nan a tsakiya, da Hausata.

Na so ta lalace, wallahi na so. Ta yi aiki lafiya lau, ba ɗalibin da ya tsaya.

Maigida ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce, "Ka ga ilimi ko? Ka riƙa zama kusa da shi, ka koya."

Ina da iyali. Na jawo kujera na zauna.