Gidan da Na Jefa 'Yan Sa-kai

Aikina a wani ofishi a Rano shi ne raba ƙungiyoyi gida-gida. Masu ba da tallafi daga birni sun aiko mana da fom mai gida biyar: ilimi, lafiya, ruwa, addini, tsaro. Kowace ƙungiya gida ɗaya. Wadda ta faɗa tsaro kuwa ta sha ƙasa, don sun ce ba sa taimakon masu gora da adda.

Wani Ardo daga wajen Kahu, dattijo mai noma da kiwo, ya kawo takardarsu. Sunan ƙungiyar 'Yan Sa-kai. Ni gwanin ofis, sai na tuna 'yan sintirin da ake ji a rediyo, na jefa su tsaro ko shafi na biyu ban buɗe ba. Ashe a can aka rubuta cewa su suka sa kansu haƙa rijiyar shanu, dutse ya tare su, suna neman injin da zai fasa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Rijiya ba ta samu ba. Da rani ya tsananta, dole suka riƙa kora shanu rafi ta gefen lambunan albasa. Ranar da abin ya faru ina wurin, an tura ni duba wata ƙungiyar manoma. Saniya ɗaya ce ta faɗa lambu. Mai lambun ya sare ta a gwiwa da fartanya, makiyayin ya sauke masa sanda a ƙeya, ya kife cikin ruwa. Kafin ka ce me, mutane sun fito ta ko'ina. Na ga an fasa wa wani baki, haƙora a ƙasa. Na ga an danne wani ana tattaka shi cikin taɓo. Ardo ya shiga tsakani hannu a sama yana cewa, "Ku dubi Allah!" Adda ta sauka a hannun. Ni kuwa na ɓuya a bayan bishiyar mangwaro.

Bayan Ardo ya fito daga asibiti sai ga shi a ofis, hannun dama a naɗe. Ya gaishe ni har da tambayar iyali.

"Malam, mun zo mu sake nema. Wane kuskure muka yi a waccan, mu gyara?"

Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, tsoro ya hana ni. Na ce, "Baba Ardo, daga sama ne."

Na cike sabon fom da kaina, na sa su a gidan ruwa, na tura masa tawada ya dangwala. Ya dubi tawadar, ya dubi hannunsa. Babban yatsan babu shi.

"Malam, na hagu zai yi?"