Sojan da Ya Ƙi Mutuwa Saboda Farin Wando

Shekarun baya, ranar Alhamis ta ƙarshe a watan Fabrairun 2012, da ƙarfe tara na safe, ina zaune a filin makarantar jikana a Dubai, ɗiyata a damana, mijinta a haguna. Makarantar tana bin tsarin karatun Amurka, kuma kowace shekara ɗalibai sukan kwaikwayi wani yaƙi da Turawan Ingila da Faransawa suka gwabza a dazuzzukan Amurka tun tana ƙarƙashin mulkin mallaka. An ba jikana matsayin sojan Ingila.

Ni tsohuwar shugabar makaranta ce, kuma 'yan mishan ne suka horar da ni. A wurinmu, datti a jikin yunifom zunubi ne ƙarami. Saboda haka na karɓe lamarin kayan daga hannun ɗiyata. Na sa wani tela a unguwar Satwa ya kwance jar rigar sojan Ingilan ya sake ɗinkawa, har ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, ya isa haka, Mama, wasan yara ne."

Na ce masa wasan yara ba dalilin karkataccen ɗinki ba ne.

Farin wandon kuwa na sa masa sitaci, na goge shi har yana iya tsayuwa shi kaɗai. Da safen nan na cusa wa yaron hankici a aljihu, na ce, "Maigidana, yadda ka fita da wandon nan, haka za ka dawo mini da shi."

Ya ce, "To, Kaka. In na dawo da shi tas, za ki ƙara mini nama."

Abin da ban tambaya ba shi ne wane ɓangare ya sha kashi a wannan karon.

Aka kaɗa ganga. Faransawa suka fito daga bayan itatuwan kwali da bindigogin katako, jajayen riguna suka dinga zubewa a kan ciyawar da aka yi wa ban-ruwa da asuba. Kowa ya faɗi, ban da jikana. Yana tsaye ƙyam, yana duban laka, yana dubana. Faransawa suka sake harbi. Malamarsu tana raɗa masa daga gefe cewa ya faɗi, domin ba a rufe wasan sai sojan ƙarshe ya kwanta. Iyaye suka fara dariya.

Surukina ya sunkuyo ya ce, "Mama, ku kaɗai za ku iya kashe sojan nan."

Na miƙe, da muryar da nake tara ɗalibai da ita, na ce da Hausa, "Maigida, na ba ka izini. Mutu."

Ya zaro hankicin, ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya daidaita gefunansa, sannan ya kwanta a hankali ya rufe ido. Tafin da aka yi masa ya fi wanda aka yi wa masu nasara.

Har yau ina sa sitaci, ban kuma ga laifinsa ba. Sai dai tun daga ranar, kafin in kafa wa yaro doka, nakan fara tambayarsa abin da ake jiran ya yi a inda za shi.

Ingila ta sha kashi, wandon ya dawo da laka a gwiwa ɗaya, naman kuma na ƙara masa.